Taitan Ɗin da Baba Ya Ƙi Sayar Mini

Ni malamar firamare ce a Samaru, amma in ka shigo unguwarmu ka ce kana neman malama, sai a tambaye ka wacce daga ciki. Ka ce mai fenti, ko yaron goye ya san ƙofata. A zumuntar mata ta cocinmu na koyi sana'ar. An kawo wata mata ta koya mana sabulun ruwa da man shafawa da fentin bango. Da yawa muka fara, kowa da littafinta da biro, ana ta ɗoki. Kafin wata biyu duk sun watse, wannan ta ce ciwon ƙugu, waccan ta ce wari. Ni da taurin kaina na tsaya a kan fenti, har yau kuma ina kai. Kowace Asabar ina bayan gida da duro da muciya, ina juyi kamar mai tuƙin tuwon biki.

A cikin duk abin da ke shiga duron nan babu wanda nake girmamawa kamar wata farar hoda da muke kira taitan. Cikakken sunanta dogo ne, taitaniyom dayoksaid, ba mai faɗinsa a kasuwa sai mai son burga. Kalshiyam shi ke cika bokiti, gam shi ke kama bango, amma taitan shi ke rufewa. Bangon madafar da hayaƙi ya cinye, in fentinka na da isasshen taitan, shafa ɗaya ko biyu ta wadatar. In ka yi rowarsa, ka shafa sau huɗu, baƙin na nan yana leƙenka. Shi ya sa duk mai haɗa fenti doka ɗaya ce a kansa: in bai rufe ba, taitan ne ya yi kaɗan, a ƙara. Wannan doka ta ciyar da gidana shekaru, kuma ita ce ta kusa ja mini abin da ba zan taɓa yafe wa kaina ba.

A Sabon Gari nake sayo kayan haɗi, wajen wani dattijo da kowa ke kira Baba. Iyayensa Yarabawa ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa nuna. Yana da wani hali da ke ƙona mini rai. Ba ya ɗora komai a sikeli sai ya tambaye ka, "Me za a yi da shi?" Shekara da shekaru ina saye a wurinsa, ya san fuskata, yana ganin fenti a ƙarƙashin farcena, amma kullum sai ya tambaya. Wata rana na ƙosa na ce, "Baba, miya zan kaɗa da shi." Ya ce, "To, Malama, ba na sayar wa masu miya." Ya ci gaba da sauraron rediyonsa har sai da na faɗi gaskiya. In kuma ya ga dama da hira, sai ya yi ta ba ka labarin inda taitan ke shiga. Farin bokitin roba da shi, takardar da kake rubutu a kai da shi, man goge baki, bayan ƙwayar magani, har farin layin da ake ja a tsakiyar titi. Ni dai ina jin sa ne da kunne ɗaya, hankalina na kan motar Samaru.

Autata zabiya ce. Tun tana jaririya likitan fata a asibitin Shika ya zaunar da mu ni da maigidana ya ce mana rana ce babbar abokiyar gabarta. Malafa, riga mai dogon hannu, da wani man shafawa na kare rana, waɗannan ukun kada su rabu da ita. Ya nuna mana hotunan manya waɗanda rana ta yi wa miki a wuya da kunne, mikin da ba ya warkewa. Ban ci abinci ba ranar. Malafa da riga ba su da wuya. Man ne matsalar. Wani lokaci a same shi, wani lokaci ka zaga kemis-kemis daga Samaru har Sabon Gari ana kallonka kamar ka tambayi nonon kaza. In ya ƙare, yarinya ta koma zaman aji lokacin tara, tana leƙen 'yan uwanta ta taga suna 'yar gala-gala.

Tana da shekara goma ta ce ita fa sai ta shiga ƙungiyar 'yan mata masu fareti ta cocinmu. Na ce a'a tun kafin ta rufe baki. Fareti a fili ake yi, da tsakar rana, kuma a bazara ake babban taronsu na shekara. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Sai ta riƙa tsayawa a inuwar bishiyar darbejiya tana kallonsu, ƙafafunta na taka ƙasa daidai da gangar. Idonta ba ya gani da nisa, ba ta ko ganin hannun shugabarsu, amma kunnenta ba ya kuskuren kiɗa. Maigidana ne ya ce, "Ki dube ta fa. Za mu ɓoye ta a inuwa har ta tsufa ne?" Na yi masa tsawa, na yi kwana biyu ina fushi, sannan na je da kaina na rubuta sunanta.

Saura mako biyar babban taro man ya ƙare. Na nema har na gaji. Ranar Juma'a da yamma, gobe ke nan atisaye, ina zaune da tsohon bututun a hannu ina matsa shi ko zai tausaya mini ya ba da ɗigo. Sai idona ya faɗa kan ƙananan rubutun da ke bayansa. Na ɗauko tabarau. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, a sahun farko, sunan hodar da ke jibge a buhu a bayan gidana. Na miƙe tsaye na ce, "Yesu! Ashe abin da nake yawon nema yana ɗakin ajiyata!" Daɗi ya kama ni, har da jin haushin masu kamfani, wai ashe fenti suke sayar mana a bututu suna yi mana yanga.

Na narkar da man kaɗanya mai kyau, na tankaɗe taitan sau biyu, na zuba na yi ta juyawa har hannuna ya yi tsami. Ya yi fari tas, ya yi laushi. Daga nan ne na yi abin da ya fi komai muni. Na san yarinyar nan, in ta ga abu a kwano za ta yi tambaya, babanta ma zai yi. Sai na yanke gindin tsohon bututun, na ɗura haɗina a ciki, na liƙe da wutar kyandir. Da safe na ce mata, "An samu." Ta yi tsalle ta rungume ni. Na shafe mata fuska da kunnuwa da wuya da bayan hannu, ta tafi ta tsaya a rana tun ƙarfe sha ɗaya har azahar ta wuce, ba ta ko nemi inuwa ba, don ta san mamanta ta shafa mata.

Ta dawo tana ba ni labarin an sa ta a sahun gaba. Kafin la'asar wuyanta ya yi ja. Washegari da safe na ɗaga rigarta na duba. Bayan wuya da kan kunnuwa duk sun tashi, wani wuri ya yi ruwa, amma ba gaba ɗaya ba. Dabbare-dabbare ne, nan ya ƙone, kusa da shi lafiya lau. Babanta ya kai ta asibiti aka wanke aka ba da magani, ya dawo yana faɗan cewa yanzu har man kare rana jabu ake sayarwa. Na bar shi yana ta ɗora laifin a kan masu jabu.

To, ka san abin da kaina ya ba ni? Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni kuwa da na kalli wuyan nan, idon mai fenti ne ya kalla. Wani wuri ya rufe, wani bai rufe ba. Na san wannan ciwon, na sha ganinsa a bango. Taitan ya yi kaɗan, kuma buhun nawa ya kwana biyu, ƙila ya sha iska. Abin da ake bukata sabo mai ƙarfi, a ninka shi. Wallahi haka na yi tunani, ni da nake koyar da 'ya'yan mutane. Ranar Litinin ana tashi daga makaranta na hau mota zuwa Sabon Gari, da bututun a jakata.

Na ce, "Baba, taitan nake so, mafi ƙarfin da kake da shi. Kilo ɗaya kawai."

Ya ɗago kai. Ni da ke sayen buhu guda, yau kilo ɗaya. Ya ɗebo ya zuba a leda, ya riƙe ta a saman sikeli bai sake ba. "Me za a yi da shi?"

Ranar ce kaɗai na ji daɗin tambayar, don ina neman wanda zan yi wa alfahari. Na fito da bututun, na nuna masa rubutun, na zayyana masa komai, har da cewa haɗin farko bai rufe sosai ba, yarinyar ta ɗan ƙone, amma na gano inda kuskuren yake. Ina magana yana kallona. Da na gama, sai ya juye ledar cikin buhu, ya kakkaɓe ta, ya ɗaure bakin buhun.

Ya ce, "Ba zan sayar ba."

Na ce, "Ban gane ba."

"Malama, wannan na bango ne. Ban san na fata ba, amma na san wannan ba shi ba ne. Ba da hannuna ba."

Kai, ranar mutanen layin nan sun sha kallo. Na ce masa shi likita ne? Na ce shi ya haifa mini yarinyar? Na ce Sabon Gari ba shi kaɗai ke da shago ba. Ya ce, "Gaskiya ne, ga su nan a jere. Amma duk wanda kika shiga, ina bayanki, zan gaya masa." Ya kuwa tashi ya fara jawo ƙofar shagonsa, da rana tsaka, ga masu saye biyu a tsaye. Na zaci korata yake yi. Sai ya sa hularsa ya ce, "Mu je Samaru. Akwai wadda ta fi ni sani, ta fi ki sani. In ta ce a sayar miki, ni zan ɗauko miki buhun a kaina."

Muka hau motar Samaru. Na juya fuskata ga taga ina huci, shi kuwa yana ta hira da direba. Ya kai ni gidan wata dattijuwa da ke sayen kayan sabulu a wurinsa, wadda ta yi shekaru tana aiki a ɗakin gwajin magunguna na jami'a kafin ta yi ritaya. Gidan bai fi tafiyar minti goma daga nawa ba, na sha wucewa ta ƙofarsa. Baba ya gaishe ta ya ce, "Mama, ga 'yarki na kawo miki. Ki ji abin da ta haɗa." Na sake ba da labari, amma wannan karon muryata ta ragu.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in ba ta bututun. Ta zare gilashi ɗaya daga tagar falonta, ta goge shi da gefen zaninta, ta matsa haɗina a kai. Ta ce, "Shafa shi yadda kika shafa wa yarinyar." Na shafa da kyau, da gwaninta, ya yi fari sumul. Ta ce mu fita tsakar gida. Ta ajiye shi a rana na ɗan lokaci, sannan ta ɗaga shi sama ta ce, "'Yata, leƙa ta ƙasa."

Na leƙa. Abin da na gani fari sumul a ɗaki, a gaban rana rariya ne. Hodar ta dunƙule guri-guri, tsakaninsu haske na ratsowa, man kaɗanyar kuma ya fara narkewa yana gangarowa yana jan hodar. Dabbare-dabbaren da ke wuyan 'yata, ga shi nan a gilashi, ni na zana shi da hannuna.

Ta ce, "Sunan ɗaya ne, ba ki yi ƙarya ba. Amma naki an yi shi ne don ido ya ga bango ya yi fari, ba wanda ya tace shi don jikin mutum. Na man shafawa daban ake niƙa shi, a tsarkake shi, inji ya baza shi yadda ba zai dunƙule ba, sannan a gwada a ga ko yana tare abin da ke ƙona fata. Abin da ke ƙonawar kuma ido ba ya ganinsa. Ko kin ninka hodar sau goma, dunƙulen ne zai ƙaru. Kuma da kin ƙara, da kin ƙara sakin jiki, ita ma ta ƙara daɗewa a rana."

Nan na zauna a ƙasa, a tsakar gidan mutane, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ba wanda ya ce in yi shiru. Baba ya juya baya yana duba wata bishiyar gwaiba kamar shi aka aiko ya ƙirga ganyenta. Da na lafa, Mama ta ce, "Kin gaya wa yarinyar?" Na girgiza kai. Ta ce, "To, wannan ba ni da maganinsa. Naki ne."

Na gaya musu a ranar, ita da babanta. Shi ya tashi ya fita, ya fi mako kafin ya dawo da fara'arsa. Ita kuwa ta daɗe tana kallona da idanun nan nata da ba sa tsayawa wuri ɗaya. Sannan ta ce, "Mama, ni bango ce?" Daga ranar ta hana ni taɓa ta. Maganin ƙunar babanta ke shafa mata. In na miƙa hannu zan gyara mata wuyan riga sai ta goce, ba da rashin kunya ba, a hankali, abin da ya fi zagi ciwo. Na yi ta addu'a, ban ma san me zan roƙa ba, don na san ita ke da gaskiya.

Fareti kuma na ce a manta da shi. Babu mai, babu fita. Ta karɓi hukuncin ba musu, ta koma gindin darbejiya.

Kwana goma bayan haka Baba ya kira ni a waya, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in zo kayana sun iso. Na ce ban yi odar komai ba. Ya ce, "Ke dai zo." Ashe tun ranar ya sa Mama ta rubuta masa irin man da ya dace, ya kira mutumin da ke turo masa kaya daga Legas ya ce a nemo a babban kantin magani, kada a kuskura a saya a bakin titi. Bututu huɗu suka zo a cikin kwali, a naɗe da jarida, a tsakiyar lodin buhunan taitan. Sai da ya sa na kai wa Mama ta duba hatimi da ranar lalacewa kafin ya yarda zancen ya ƙare. Na buɗe baki zan ba shi haƙurin zagin da na yi masa, ya ce, "Malama, matsa, kin tare mini masu saye."

Na gode wa mutumin nan, kuma zan mutu ina gode masa. Da ya miƙo mini ledar nan kamar yadda kowane mai shago zai yi, da Asabar ta gaba na sake tura 'yata rana da fenti a wuya, a kan ƙunar da ba ta warke ba. Na gode wa Mama da ba ta kira ni jahila ba, ta bar gilashi ya faɗa mini. Har shugabar 'yan fareti na gode mata, don da na je da zancen malafa a maimakon 'yar hularsu, da riga mai dogon hannu, ina shirye da faɗa, sai ta ce, "Ta sa mana. Wa ya hana?" Likita ya duba wuyan ya ce ya warke, za ta iya fita, amma a sake shafawa in an jima, kuma ana gamawa ta shiga inuwa.

Ranar babban taro babanta ya riga mu fita, shi ke cikin masu jera kujeru. Na goge mata kayanta na ajiye a bakin gado, na ɗora sabon bututu a kai da hatiminsa, don ta buɗe da kanta. Na koma bakin ƙofa na tsaya. Ta ɓare hatimin, ta shinshina, ta karanta bayansa tana manna shi da hancinta. Ta shafa fuska, ta shafa kunnuwa, ta shafa hannuwa. Sai ta kai hannu bayan wuya, inda sabuwar fata ta fito, tana lalube, tana shafa wani wuri tana tsallake wani. Ina gani, ina cije leɓe, na rantse ba zan ce komai ba.

Ta tsaya. Daga nesa ana jin masu ganga sun fara gwaji a filin coci. Ba ta juyo ba, ta dai miƙo bututun ta bayan kafaɗarta, ta sunkuyar da kai, ta ɗage gashinta da ɗaya hannun.

Ta ce, "Mama, ba na ganin nan. Ki yi sauri, za su fara babu ni."

Na karɓa. Na shafa a hankali, ban bar ko gurbin tsinke ba, ita kuma ba ta goce ba.